Shekarar da Na Kafa Murhu na Biyu

A wajen sunan 'yar Sahabi, ina zaune a ɗaki ana ta shigowa gaisuwa, na ji wata daga cikin matan jikokina tana nuna ni ga ƙawarta da haɓa, tana cewa ƙasa-ƙasa wai ai wannan tsohuwar ce ta raba tukunya a gidan Kaka Ige. Ta ɗauka kunnena ya tsufa. Kunnena lafiyarsa lau, gwiwa ce kawai ta ci amanata. Ba laifinta ba ne, haka ta tarar ana faɗa. Amma tun daga ranar na ƙudurta sai na rubuta muku yadda abin ya faru, ku 'ya'yana da jikokina, tun ina da sauran ido, kada in tafi in bar ku da rabin magana. Na kafa murhu na biyu a gidan kakanku, wannan gaskiya ne, kuma ko yau aka mayar da ni waccan shekara sai na sake kafa shi. Ga dalili.

Ni 'yar Anka ce, daga gidan malamai, inda babban motsa jikinmu shi ne wanke allo. Aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Gummi, gidan 'yan kokawa tun kaka da kakanni. Ranar da na fara ganin mazan gidan suna cin abinci sai da na koma ɗaki na yi salati. Babanku Mamman a lokacin ya fara barin fage, amma har yanzu wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya. Mahaifinsa ya riga ya rasu, don haka gidan yana hannun uwarsa, Kaka Ige, 'yar gajeruwar tsohuwa mai murya kamar ta mutum uku. Gandu ɗaya ake nomawa, babanku da ƙannensa, rumbu ɗaya ake ɗiba, tukunya ɗaya ake azawa. Ku da kuka tashi a birni, kowace mace da risho ɗinta, ba za ku gane nauyin wannan ba. A wajenmu, in aka ga mace ta jera duwatsu uku a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, to ba sai an tambaya ba: mijinta ya fita daga gandu, 'yan'uwa sun ɓata. Shi ake kira raba tukunya, kuma ba a faɗinsa da ƙarfi.

Zan yi wa Kaka Ige adalci, Allah ya jiƙanta: ta san yadda ake ciyar da ɗan kokawa. Da an cire amfanin gona an fara kiɗa a garuruwa, sai tukunya ta canza. Tuwon dawa mai tauri, miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, wake, nama in an samu, da fura da kindirmo daga rugar maƙwabtanmu Fulani. Ɗan kokawa nauyi yake so da ƙarfin riƙo, yadda in ya kafa ƙafa ba mai ɗaga shi. Ranar karawa kuwa akwai al'adar gida. Da safe Kaka za ta sauko da wani baƙin akushi na marigayi mijinta, ta cika shi da tuwo da hannunta, ta malala man shanu, ta zauna ta tsare mutum har ya ga gindin akushin, sannan ta bi shi da ƙwaryar fura. Daga nan sai ya je gindin bedi, wato dogon yaro, ya yi barci har azahar. Kokawa sai bayan la'asar ake yi, kafin nan abinci ya sauka ya zama ƙarfi. Haka aka yi wa babanku, haka aka yi wa ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, wanda kuka sani da Bajimi. Kuma yana aiki, don Bajimi ya sha dawo mana da akuya da turmin atamfa.

Sai Allah ya ba ni Sahabi. Yaron nan yana ci, wallahi yana ci, amma ban san inda abincin yake zuwa ba. Dogo, siriri, ƙafafu kamar na zalɓe. In aka tura shi kokawa da sa'o'insa, dariya yake yi har a kayar da shi, ya tashi ya karkaɗe wando yana ci gaba da dariya. Abu ɗaya ne ba a haɗa shi da kowa: aike. In ka aike shi kasuwar Gummi, kafin ka gama neman abin da za ka zuba saƙon ya dawo. Akuya ba ta tsere masa. Kaka, da yake jikanta ne akwai wasa tsakaninsu, kullum tana tsokanarsa.

"Wanga miji nau, iska ka ɗauke shi wata rana in zama gwauruwa. Zo ka ƙara tuwo!"

"Kaka, in nig girma ke za ni goyawa in kai Makka da gudu."

Yana sakandare malamin wasanninsu ya gano shi, ya sa shi gudun dogon zango, irin wanda ake ta zagaya fili har mai kallo ya gaji. Wata rana ya dawo yana tsalle, wai an zaɓe shi zai yi wa makarantarsu gudu a Bukkuyum. Mazan gidan suka yi ta dariya, wai a gidan da ba a taɓa ja da baya ba yau an sami wanda za a tara jama'a a ga ya gudu. Amma a ƙasan dariyar akwai jin daɗi, na gani. Ita kuwa Kaka ta ce ko mene ne, fage fage ne, jikanta ba zai fita fage da cikin wofi ba. Da asuba ta sauko da baƙin akushi. Na ga fuskar Sahabi a lokacin, kuma har gobe ina tuna ta. Yaron da aka saba yi wa dariya, yau ga shi zaune gaban akushin kakansa. Ya cinye tas, ya shanye fura, har yana lashe hannu. Ni ma ina tsaye ina murna, don ba wanda ya kawo a ransa cewa shi gudu da hantsi ake yin sa, babu gindin bedi, babu barci, babu jiran la'asar. Bajimi ya ɗora shi a bayan babur suka kama hanyar Bukkuyum, ramuka suna ta girgiza tuwo.

Bajimi ne ya ba mu labari da suka dawo. Da aka busa usur Sahabi ya fita gaba, ya ba su rata har mutane sun fara tambayar ɗan gidan wa ne. Can sai aka ga ya dafe haƙarƙari. Sai ya rage gudu. Sai ya ratse gefen fili ya durƙusa, a gaban 'yan makaranta maza da mata, ya mayar da duk abin da Kaka ta ɗura masa. Da tafiya ya ƙarasa, shi ne na ƙarshe. Ƙannen babanku suka riƙe ciki suna dariya a zaure, har da masu kwaikwayo. Babanku bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi an gwada an gani, yaron ba shi da ƙarfin ciki, ya bar wannan shirme ya kama fartanya. Kaka ta ce tuwon ne bai isa ba, da ta sani ta ƙara man shanu.

Daga ranar dariya ta ɗauke a bakin Sahabi. Yana zuwa makaranta, yana zuwa gona, in an aike shi sai ya tafi a hankali kamar kowa. Wannan tafiyar a hankali ita ta fi ƙona mini rai. Ina ganin ɗana yana taka ƙasa kamar an ɗaura masa dutse, sai in ji abinci ya fita raina.

Ana nan sai ga malamin wasannin a kan babur, shi ma wani siriri da shi, da Hausarsa irin ta rediyo. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na aika da ruwa, ni kuma na tsaya bayan ƙofa ina gyaran tsintsiyar da ba abin da ya same ta. Ya ce yaron nan ba ciwo gare shi ba, ba ragwanta ba ce, abinci ne aka ba shi wanda ba na aikinsa ba, a lokacin da ba nasa ba. Ya ce akwai wata gasa a Anka nan gaba, yana so ya sake sa shi. Ƙannen babanku suka dube shi sama da ƙasa, ɗaya ya ce:

"Malam, kai da ba ka kai nauyin buhun ƙaiƙayi ba, kai ka koya muna cin tuwo?"

Aka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, mutumin kirki ne. Da ya fito zai hau babur, na roƙi babanku izini na tsaya daga bakin ƙofa muka gaisa. Na ce ya faɗa mini da Hausar da zan gane.

"Inna, abincinku ba shi da laifi," ya ce. "Ɗan kokawa ƙarfinsa na lokaci guda ne, ya riƙe, ya ɗaga, ya kayar, an gama. Shi yana son tsoka da nauyi, nama da wake da nono da mai duk nasa ne. Ɗan dambe ma kusan haka, sai dai ba ya son teɓa. Mai gajeren gudu shi ma tsoka yake nema. Amma mai dogon gudu, duk nauyin da ya ɗauka shi zai yi ta dakonsa har ƙarshen fili."

"To in bar shi da yunwa ke nan?"

"A'a, zai ci, har ya fi wasu ci. Hatsi ne man tafiyarsa: shinkafa, dankali, tuwo mai laushi, kunu. Amma babban cin, jiya ake yin sa ba yau ba. Ranar gudu kunu kaɗan tun da sassafe, da ɗan dabino, a bar ciki ya sauka. Mai da yaji a rage, suna daɗewa a ciki. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi duk yini, in ya yi gumi da yawa a sa ɗan gishiri da sukari. In ya dawo daga atisaye, a nan ne za ki ba shi nono da wake da ƙwai da ƙuli-ƙuli, su ke gyara abin da gudu ya ci. 'Yan ƙwallona ma kusan haka nake gaya musu."

Ban sha wahalar ganewa ba. Na tashi a gidan da mahaifina ke hana almajiran ilmi cika ciki in za a yi doguwar tsayuwa a salla. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan fitar da wannan abinci daga tukunyar Kaka Ige. Na same ta tana tsinkar zogale, na durƙusa, na kawo maganar a hankali yadda ake ɗaukar ƙwai. Na ce ko za a riƙa ɗebar wa Sahabi miya kafin a zuba mai, a ɗan dafa masa shinkafa ko dankali a gefe.

"Ke ɗiyam malam," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "tukunyag ga ta ciyad da mijinki, ta ciyad da ubanai. Ba ta canzawa don yaro guda ya yi amai. Wanda duk ka cikin gidanga, abin da anka tuƙa shi za shi ci."

Na yi kwanaki ina juya abin. Na san ma'anar duwatsu uku sarai, ba baƙuwa ba ce ni. Na san abin da za a ce da mijina, na san abin da za a ce da ni, 'yar Anka da ta zo ta raba 'yan'uwa. Amma duk sanda na kai nan a tunani, sai in hango Sahabi yana tafe a hankali da saƙo a hannu. Wata safiya bayan an share gida, na je bayan rumbu na ɗauko duwatsu uku, na jera su a ƙofar ɗakina, na aza 'yar tukunyar da na zo da ita daga gidanmu, na hura wuta. Tsakar gidan nan ta yi tsit, har tabarya ta tsaya a turmi.

Kaka ta fito ta tsaya ta dubi hayaƙin. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta taka ta je ta ɗauke muciyar babbar tukunya, wadda nake riƙewa a matsayina na matar babban ɗa, ta miƙa wa matar ƙanen babanku.

"Wadda tak kahwa murhu ta ci murhunta. Wanda kuma ba shi cin tukunyag gida, ba shi zama tabarmag gida."

Ma'anarsa, ni an cire ni daga girkin gida, Sahabi kuma an tashe shi daga zaure inda maza ke cin abinci. Kafin azahar labari ya gama ƙauye. Mata suka riƙa shigowa yi mini jaje da fuskar tausayi da ido mai neman labari. Wata har ta tambaye ni a ina za mu ja danga. Babanku ya shigo ɗaki ransa a ɓace, don a masallaci an tare shi ana ba shi haƙuri a kan ɓatawar da bai yi da kowa ba.

"Kulu, kin san abin da kinka jawo min?"

"Na sani, Maigida. Ba gida ni ka rabawa ba, dankali ni ka dahwawa."

Shi mutum ne da bai iya faɗa da baki ba, da hannu ya saba. Daga ƙarshe ya ce ya ba mu zuwa gasar Anka. In abin Bukkuyum ya maimaitu, in kwashe duwatsuna da hannuna in je in ba Kaka haƙuri gaban kowa, Sahabi kuma ya bar gudu har abada. Na ce na yarda. Sahabi yana bakin ƙofa yana jin mu.

To, abin mamaki, waɗannan watanni suna cikin mafiya daɗi a rayuwata. Da an sallame asuba Sahabi ya kurɓi ruwa ya kama hanyar fadama da gudu, ya bi bakin gulbi ya zagayo. Kafin ya dawo na dama kunu, na ajiye masa nono da ƙuli-ƙuli. Da rana shinkafa da wake, ko dankalin fadama da zogale, mai ɗan kaɗan don kada a ce babu. Kajina kuwa a shekarar ba wadda ta yi kwanci, duk ƙwan da suka saka a cikin Sahabi ya ƙare. Kaka tana hangowa daga inuwarta tana magana da iska, wai yaron da ke cin ƙwai ɓarawo yake zama, ga shi kuma ana koya masa gudu, to an haɗa masa sana'a cikakkiya. Ni da Sahabi sai mu sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya. A ƙofar ɗakina muke ci, mu biyu. Ni da nake son man shanu kamar raina, sai ƙamshinsa nake ji daga babbar tukunya, har zanena ya fara yi mini yawa. Amma dariyar ɗana ta dawo. Abin da bai dawo ba shi ne in an kira maza cin abinci, sai in ga ya ɗaga kai ya dubi zaure, sannan ya mayar da ido kan kwanonsa.

Bajimi, da yake ɗan'uwa ne na gari, wata rana ya ce shi ma zai taya ƙanensa cin abincin gudu don kada ya ji kaɗaici. Ya sha kunu da dabino ya tafi atisayen kokawa. Kafin azahar ya dawo yana ganin duhu-duhu, wani yaro da bai kai shi ba ya kayar da shi har sau biyu. Ya zauna gaban babbar tukunya yana cewa a taimake shi. Ranar Kaka ta yi farin ciki kamar an ba ta kujerar Makka, ni kuma na ƙara gane maganar malamin: kowa da nasa. Babanku shi ma wata safiya ya bi hanyar fadama da keke, wai zai duba shinkafa. Sahabi ya wuce shi, ya je ya zagayo ya sake wuce shi, ya kuma gaishe shi ba tare da haki ba. Da ya dawo sai ya tsaya a kaina ya ce in ɗan sam masa dankalin nan ya ji.

Gasar Anka ta zo. Lokacin hanya lafiya lau, mace ma tana iya shiga mota ita kaɗai. Tun ana gobe muka tafi, ni da babanku da yaran biyu, muka sauka gidanmu. Muna shirin fita Kaka ta fito da ƙunshi ta danƙa wa babanku: baƙin akushi, cike da tuwo, da 'yar kwalbar man shanu. Ta ce a ɗumama da safe a ba yaro, kada a kuskura ya shiga fage bai ci ba. Kada ku ɗauka mugunta ce. Tsohuwar nan watanni ba ta yi mini magana ba, amma ta tashi ta tuƙa wa jikanta tuwo da hannunta, don a saninta wannan ne kaɗai abin da ke tsare mutum a fage.

Da yamma na cika Sahabi da shinkafa. Da sassafe na dama kunu. Sai ga babanku ya shigo da akushi, an ɗumama, mai yana ƙyalli, ya ajiye a tsakiyar tabarma. Umurnin uwarsa ne, kuma tunda nake da shi ban taɓa ganin ya tsallake maganarta ba. Sahabi ya dubi akushi, ya dube ni. Babanku ya zauna ya ce:

"Sahabi, sa hannu ka ɗebi loma guda, ƙarama, don albarkar kakarka."

Ya gutsuri ɗan kaɗan ya kai baki. Sai babanku ya jawo akushin gabansa, ya yafito Bajimi.

"Wanga tuwo na masu tsayawa wuri guda na. Sha kununka. Inna kuwa ni ka gaya mata da bakina."

Na juya na shiga ɗakin ƙanwata don kada yara su ga idona. Su biyun suka share akushin nan tas, har a filin ma suna ta hamma.

Ina gindin bedi cikin mata da ƙanwata aka busa usur. Sahabi bai fita gaba ba, ya tsaya a tsakiya, ashe haka malaminsa ya ce masa. Ni ban sani ba, na ɗauka yunwa ce, na fara cewa na kashe ɗana da kunu. Duk zagayen da suka yi idona yana kan hannunsa, ina jiran in ga ya dafe haƙarƙari. Bai dafe ba. Waɗanda suka fita da wuta suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana nan yadda ya fara, ƙafafun zalɓen nan suna ta aunawa. A zagaye na ƙarshe sai ya buɗe. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, ni 'yar malamai ban san sanda na miƙe ina guɗa ba, mayafina a hannun ƙanwata. Wani yaro ɗan Bukkuyum ne kaɗai ya riga shi, da ƙyar. Na biyu ya zo, kuma na ɗaya da na biyu ne za su wuce Gusau. Babanku ya manta ba fagen kokawa yake ba, ya faɗa fili yana kirari, ya sunkuci Sahabi ya ɗora a wuya yana zagayawa da shi, malamai suna binsa suna cewa a fita a ba wasu wuri.

Washegari da la'asar muka isa gida. Kaka tana zaune a tabarmarta. Babanku ya durƙusa ya ajiye akushi, ya gaya mata gaskiya, cewa loma ɗaya yaron ya ci, sauran shi da Bajimi ne. Sannan ta dubi Sahabi.

"Kai, miji nau. An ce na biyu kaz zo. Wa yak kada ka?"

"Ba a kayaswa, Kaka. Wuce ni ɗai yay yi."

"Bayanka ya taɓa ƙasa?"

"A'a."

"Ka yi amai?"

"Ko kaɗan."

"To ai ba ka hwaɗi ba." Ta juya wajena, karo na farko a watannin nan. "Ke ɗiyam malam, mi kinka tsaya kallo? Yaro ya kwaso hanya. Hura 'yar wutan nan taki."

Muciya dai ba ta dawo hannuna ba, har Kaka Ige ta koma ga Allah. Ita ba ta mayar da hukunci, kuma ban taɓa roƙo ba. Na ji zafinsa shekaru, don matar babban ɗa da ba ta tuƙa tuwon gida kamar baƙuwa take a wajen biki. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ban yi ciniki ba.

Amma a yammacin nan na dafa shinkafa da wake da dankali, na zuba wa Sahabi a ɗan kwanonsa na ajiye a ƙofar ɗaki inda muka saba. Da aka fitar da manyan akussa zuwa zaure, sai Kaka ta ce da babanku, ba tare da ta dubi kowa ba, wai shi ba ya ganin an bar kwano guda a baya? Ya dawo da kansa, ƙato da shi, ya sunkuya ya ɗauki ɗan kwanon nan da hannu biyu ya yi gaba, Sahabi yana biye. Na zauna ni kaɗai a bakin murhuna ina jin hayaniyarsu, ana ta sa shi ya sake ba da labarin zagayen ƙarshe, muryar wanda ya ce da malami buhun ƙaiƙayi ta fi ta kowa tashi. Ba a jima ba sai ga Sahabi ya shigo da gudu, kwano a hannu kamar an wanke, yana dariya har da hawaye.

"Inna, akwai saura? Su Baba sun ce ɗanɗanawa za su yi, sun canye min duka."